Mijina Ya Faɗo Daga Bene Yana Tsaye a Ƙasa

Ni dai tun farko na ce kada a ba da rigar nan. Ba don wani kyau gare ta ba, ruwan ɗorawa ce mai zanen aku, ta koɗe, hammata ta yage. Amma duk unguwarmu da ke bayan garin Madurai babu wanda bai san ta a jikin Sudalai ba. Sudalai mijina ne. Aikinsa ɗaurin gora, wato shi ke fara hawa jikin bene tun babu abin takawa, ya ɗaɗɗaura gorori da igiyar kwakwa don magina su sami wurin tsayawa. Ni kuwa sunana Pechi, yashi nake ɗauka da kwanon sarki, kuma duk inda ya sami aiki nan nake bin sa.

Ginin da muke yi na wani ɗan kasuwar shinkafa ne, amma mai iko da shi uwarsa ce, wata tsohuwa da kowa ke kira Periyamma. Da gini ya kusa hawa na sama sai ta zo da lemarta, ta ce ba za a ƙara bulo ko ɗaya ba sai an rataye mutum-mutumi, don mugun idon masu wucewa ya sauka a kansa ya bar ginin. Wannan ba wanda ya yi musu, haka kowa yake yi. Mestiri Arunachalam, shugabanmu na leburori, ya cusa ciyawar shinkafa a wani tsohon wando, ya sayo kabewa ya zana mata idanu da haƙora da dogon harshe, ya huda ta ya ɗura mata jan gari. Saura riga. Ya waiwaya ya ga mijina, shi kuwa mijina ko akuya ce ta roƙe shi riga tuɓewa zai yi ya miƙa mata. Shi da kansa ya hau ya rataye abin a kusurwar gabas, can ƙoli.

To, kamfanin da ya karɓi kwangilar ginin yana da babban ofishi a birnin Chennai, kuma sun turo mana jami'in kiyaye haɗari, Jebaraj. Mutum ne mai gaskiya, ita ce ma ta cuce shi. Kullum da safe kafin a taɓa shebur sai ya zagaye wurin, ya tsinci ƙusa, ya rufe rami, ya girgiza tsani, ya ɗauki hoton duk abin da zai iya kashe mutum ya aika Chennai. Dokar ita ce ba a fara aikin sama sai an gano kowane haɗari an magance shi. Kuma ya gano na gaske: wata ƙatuwar wayar lantarki da ta ratsa ta kusurwar gabas, tsakaninta da inda za a ɗaura gora bai fi tsawon hannu ba. Ya tsallaka titi, ya ɗauke ta hoto, ya aika.

Ba a jima ba wayarsa ta yi ƙara. Madam Kanchana ce, shugabarsa ta Chennai, muryarta har wurin tarin yashi nake jin ta. Ko kallon wayar lantarkin ba ta yi ba. Tambayarta ɗaya, wane ne wannan ma'aikacin mai rigar ruwan ɗorawa da ke reto a ƙolin bene ba ɗamarar tsaro, ba hular kwano?

Jebaraj ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, Mestiri ya take masa ƙafa. Ashe a dokar kamfani, idan wani abu aka samu a rataye a jikin gora, rufe wurin aiki ake yi sai kwamiti ya zo, kwamitin kuwa ba wanda ya taɓa ganin sa da ido. Idan kuwa mutum ne, gargaɗi ne kawai da horo. Jebaraj ya ce zai sake kira, ya ruga wurin Periyamma ya roƙe ta a sauke abin. Ta ce duk wanda ya sauke shi kafin a gama gini, to ya tanadi itacen ƙona gawarta, yadda muke yi wa mamatanmu. Ya dawo gumi sharkaf, suka tsaya da Mestiri a gindin dogon yaro.

"Sar, mutum ne," in ji Mestiri. Sar kuwa shi ne ranka ya daɗe a wurinmu.

"Wane mutum?"

Mestiri ya ɗaga kai ya dubi rigar. Kowa ya dubi rigar. Sannan kowa ya juyo ya dubi mijina, yana tsugune yana warware igiya.

Haka aka ɗauki Sudalai a mota aka kai shi horo cikin gari, wani ɗaki mai sanyi kamar na ajiye kifi. Aka haska hoton a bango, ƙato, malamin ya nuna shi da sanda a gaban jama'a, ya tambaye shi me yake tunani a lokacin da ya rataye kansa haka. Ya ce ba ya tunanin komai. Gaskiya ya faɗa, a madadin su biyun. Ya dawo gida da fakitin biskit, ya ƙi cin abinci, wai ya zubar da mutuncinsa. Na ce, "Kai wannan, kana ƙasa fa a lokacin, kana gefena kana cin albasa." Ya ce ya sani, amma ai rigarsa ce.

Sai ɗamara ta iso daga Chennai, sabuwa fil a leda, da ƙugiyarta mai walƙiya. Guda ɗaya. Jebaraj ya roƙi a ba duk masu hawa, Madam ta ce mutum ɗaya ta gani ba ɗamara, saboda haka mutum ɗaya ne ba shi da ita. Kuma tana son hoton ma'aikacin nan, a wurin nan, ya gyara halinsa. Tunda ba dama a matsar da mutum-mutumi, kuma gobe ma zai fito a hoto, ai ka san wanda aka ɗaura wa. Mijina ne ya hau, ƙafa ba takalmi, ƙugu ba komai, ya ɗaure wa ciyawa ɗamara tsaf, ya maƙala ƙugiya a rodi, ya kifa wa kabewa hular kwano har ta rufe haƙoran. Ya sauko yana cewa ta yi masa kyau.

Daga nan kullum hoto yake tafiya Chennai, kullum Sudalai na sama yana bakin aikinsa. Madam ta lura cewa ya riga kowa zuwa, ba ya kwance ɗamara, ba a taɓa kama shi yana shan shayi ko tauna ganye ba, ruwa ko rana yana nan. Kafin ka ce me, an zaɓe shi gwarzon ma'aikaci na kamfanin gaba ɗaya, aka aiko da kular abinci ta ƙarfe mai hawa-hawa. Mutumin da ya ƙi cin abinci don kunya, sai ga shi yana yawo a unguwa da kula a hannu, ko babu komai a cikinta. Na ji shi da kunnena yana gaya wa mai shayi cewa sirrin abin shi ne haƙuri.

Duk wannan da dariya na bar shi. Abin da ya tsayar mini da dariya shi ne ranar da Jebaraj ya sake tuna wa Madam zancen wayar lantarki. Ta ce ta duba hotuna, ga ma'aikaci nan ya daɗe a gefen wayar ba abin da ya same shi, ke nan haɗarin ƙarami ne. An gano haɗari, an magance, a fara aikin sama ranar Litinin. Wanda zai fara hawa kuwa ya miƙa doguwar gora a gefen wayar nan, mijina ne.

Akwai abin da na sani wanda Mestiri bai sani ba. Idon Sudalai ya fara tafiya. Yakan miƙa hannu zai ɗauki kofi ya kama iska, yakan gai da buhun siminti da yamma. Ɗauri kam da lalube yake yin sa, ba mai kama shi, amma waya ba a lalubarta. In an sani za a sallame shi, in ba a sani ba zai hau. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko abinci na sa a baki sai ya zama yashi. Ban isa in matsar da waya ba, amma na ce ko ba komai in ta fizge shi ko ƙafarsa ta zame, a ce akwai abin da zai riƙe shi.

Na sami Jebaraj yana tsintar ƙusa. Na ce, "Sar, a ba mijina ɗamara."

Bai iya kallona ba. Ya nuna sama da haɓa, ya kira ni Akka, wato yaya, ya ce, "Mijinki yana da ɗamara."

Na gaya masa maganganun da ba zan maimaita su a nan ba, har da kakarsa na haɗa. Ya tsaya ya shanye, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ya rubuta ya sake rubutawa, amsar dai ɗaya ce, ba a ba mutum ɗaya ɗamara biyu. Na je wurin Mestiri, ya ce in an cire ta hoto zai nuna, a rufe wuri, in je in gaya wa matan leburori cewa ni ce na kashe musu murhu. Na je wurin Periyamma, ta ce ba kyau mace ta yi hassada da abin da ke tsare mu duka, ta ba ni ayaba. Shi kuwa gogan da nake wa wahalar, cewa ya yi ɗamara ta wanda bai iya aiki ba ce, kuma ko ba haka ba, bai dace ya ƙwace wa na sama ba, ya riga ya saba da ita.

Ranar Litinin na riga kowa shiga. Na yanko baƙin ƙyalle daga tsohon zanena na sari, na cusa igiya a ƙugu. Dabarata mai sauƙi ce: in cire ɗamarar, in naɗa wa ciyawa baƙin ƙyalle, daga tsallaken titi wa zai bambance? Na san a lokacin kowa yana wurin mai shayi. Na bi matakala ina haki har ƙoli, na rarrafa zuwa kusurwar gabas, wayar nan tana ta ƙugi a gefen kunnena kamar gidan zuma.

Ban taɓa ganin sa kusa haka ba. An yi ruwa a makon, ya kumbura, yana warin rumbu, tsuntsu ya yi masa kashi a kafaɗar rigar mijina. Na ɗaga hular kaɗan, ya zuro mini harshe. Na ce, "Gwarzo, ka ci kula, ka ci suna, wannan kam ba taka ba ce." Na kama ɗamarar da hannu ɗaya, na ɓalle maɓallin da ɗayan. Abin da ban sani ba, igiyar farko da aka rataye shi da ita ta ruɓe tuntuni, ɗamarar ce kaɗai ke riƙe da shi. Sai ji na yi ya sulale daga hannuna kamar jiƙaƙƙen buhu.

Wani abin kuma da ban sani ba, ba kowa ne ke wurin mai shayi ba. Saboda ranar buɗe aikin sama ce, Madam ta tara manyan kamfani a ofishinta, Jebaraj yana tsaye a ƙasa ya ɗaga waya yana nuna musu gwarzonsu kai tsaye. A gaban idonsu gwarzo ya baro ƙoli. Ya bugi gora ya wuntsila, ya bugi wata ya sake wuntsilawa, hula ta yi nata wuri, ya zo ya daki bakin injin kwaɓa siminti da ka. Kabewa ta tarwatse, jan gari ya wanke injin da ƙasa da takalmin Jebaraj. Ihun Madam daga cikin waya har inda nake kwance a bayan ginshiƙi na ji shi.

Na leƙo. Ga mijina tsaye gefen Jebaraj da kofin shayi a hannu, yana kallon rigarsa a cikin ja. An ce a hankali ya ce, "Wayyo, na faɗo." Mestiri kuwa kansa na aiki. Ya fizgo tamfol ya lulluɓe mai ran tukuna, ya danne shi a bayan tarin yashi, sannan ya nemo wani tamfol ɗin ya rufe ciyawar.

Aka sake zama a gindin dogon yaro. Faɗin gaskiya yanzu yana nufin a gaya wa manyan Chennai cewa sun manna hoton ciyawa a ofisoshinsu, sun ba ta kular abinci. Jebaraj ya ce shi dai zai faɗa, Mestiri ya tambaye shi 'ya'yansa nawa, nan take Jebaraj ya janye maganarsa. Ba za a ce ya mutu ba, don 'yan sanda za su nemi gawa, su kuwa kabewa ba ta isar su. Aka tsaya a kan cewa ya rayu da ikon Ubangiji, amma kai ya fashe, baya ya karye. Ɗamarar da na sauko da ita a cikin zane, Mestiri ya karɓe, wai shaida ce. Bai tambaye ni yadda ta zo hannuna ba, ni ma ban tambaye shi lafiyar gidansa ba.

Madam ta ce lallai sai ta zo dubiya. Aka naɗe mijina da bandeji tun daga ka har ƙugu, aka bar masa hanci da ido ɗaya, aka shimfiɗe shi a tabarma. Maƙwabta suka cika ɗaki, waɗanda suka gan shi da safe yana ɗebo ruwa su suka fi kowa kuka. Ta shigo da kwandon lemo da tuffa, ta cire takalmi, ta durƙusa a gefensa. Mace ce mai kirki, abin haushin ke nan, da muguwa ce da na ji sauƙi. Ta ce a duk shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin ma'aikaci mai natsuwa irinsa ba, ta tambaye shi me ya sa ya kwance ɗamara a ranar. Ya juyo da idon nan ɗaya ya dube ni. Na ce zafin ciwo ya hana shi magana, na tura masa lemo a baki.

Da za ta fita ta riƙe hannuna, ta ce, "Na yi miki alkawari, jininsa ba zai zuba a banza ba."

Ta kuwa cika. Kafin mako ya zagayo motoci suka fara sauke kaya. Aka zo da ɗamara ta kowa da kowa, aka kewaye benen da raga, aka yi wa kowane rami murfi, aka kafa wa matakala abin dafawa. Ma'aikatan lantarki suka zo suka ɗauke wayar nan ɗungurungum suka mayar da ita tsallaken titi, abin da Jebaraj ya yi ta roƙo har muryarsa ta dushe. Ni da nake ɗaukar yashi a ƙasa, ni ma an ba ni ɗamara, dole in ɗaura, ƙugiyar tana dukan cinyata ba inda zan maƙala ta. Da yamma a karɓe a kulle a sito. Periyamma ta sa aka yi sabon mutum-mutumi, amma ba wanda ya yarda ya ba da ko hankici, sai kasuwa aka je aka sayo masa riga, aka rataye shi ta bayan gini inda hoto ba ya kaiwa. Duk Madurai babu wurin aikin da ya kai namu tsaro. Har daga wasu kamfanoni ake zuwa kallo.

Sai mijina ya ce to, ya warke, gobe zai koma. Mestiri ya zo gida da kansa, ya zauna a bakin ƙofa, ya ƙi shan ruwa. Ya ce Sudalai ya yi haƙuri, mutumin da bayansa ya karye ba ya komawa ɗaurin gora, kuma yanzu Madam ta san idonsa ɗaya da hancinsa, ta sa kyamara a kowace kusurwa. Ko ƙofar wurin kada ya kuskura ya zo. Mijina ya ce amma ai lafiyarsa ƙalau, ya tashi ya yi tsalle don Mestiri ya gani. Mestiri ya ce ya gani, kuma kada ya sake yin haka a waje.

Ya zauna a gida har lemon ya ƙare, tuffa ta ƙare. Abin da nake samu a yashi ba ya riƙe gida, shi ma kuma ba mutumin zama ba ne, ya fara ɗaure ƙafafun gado da igiya yana kwancewa. Wata safiya ya ɗauki kularsa ya fita, da yamma ya dawo da fara'a, wai ya sami aiki. Wani bene ne ake yi can bayan tashar mota, na wani mutum da ke gina abinsa da kansa, ba kamfani, ba jami'i, ba mai ɗaukar hoto. Na tambaye shi ko akwai ɗamara, ya yi dariya. Na tambaye shi ko akwai waya kusa, ya ce bai ga ko ɗaya ba. Wannan amsar ce ta fi tayar mini da hankali.

Daga ƙolin benenmu ana hango nasu. Kullum idan aka tashi cin abincin rana sai in hau, in maƙala ƙugiyata a rodi kamar yadda doka ta ce, in leƙa ta cikin raga. A jikin gorarsu, can sama, akwai mutum biyu a maƙale, ɗaya mutum-mutuminsu ne, ɗaya mijina. Daga nisan nan ba na iya bambance su. Nakan tsaya da shinkafata a hannu har sai ɗaya ya motsa, sannan in sauka in ci gaba da ɗaukar yashi.